Ranar da Akwatin Liman Ya Fashe

Ko da zan manta duk abin da na gani a shekarun da na yi a Tamanrasset, akwai wata Juma'a da ba za ta taɓa fita daga raina ba. A makon nan ne na buɗe baki na yi shaida a kan abin da ban karanta ba, shaidar kuma ta faɗa a kan mutumin da ban kai shi komai ba.

Ni mutumin Damagaram ne. Na koyar a lekkol, wato makarantar boko, shekaru da dama kafin zama ya gagara, na bi 'yan'uwa zuwa arewa, na buɗe shago a kasuwa ina sayar da shayi da sukari da rawuna. Amma a wurin mutanenmu ban tashi daga Malam ba. Duk wanda aka ba takardar asibiti ko ta buro, wato ofis, ni yake kawo wa in karanta masa. In faɗi gaskiya, abin ya shiga kaina. Na sha manyan littattafan Faransanci a zamanin karatuna, ina da gilashin da nake ɗorawa a ƙarshen hanci, idan na ce abu kaza ne, to ya zauna. Ina jin daɗin hakan fiye da yadda nake jin daɗin ciniki.

A unguwar Gataa El Oued akwai wani gida da magina 'yan ƙasarmu suke zaune, sun kai mutum ashirin. Sun kewaye wani ɗan fili a tsakar gida da bulo, nan suke salla. Limaminsu mutumin wajen Maradi ne, sana'arsa shimfiɗa karo, wato tayil, a daɓen gidaje. Shekara tara yana jan su salla. Ba shi da yawan magana, ba ya shiga faɗa sai rabo, wanda ya kwanta ciwo shi ke zama kansa, wanda ya rasu shi ke wanke shi. Kusan kullum da yamma yakan biyo ta shagona ya sha shayi, ya zauna yana saurare ina ta zuba.

A daminar wata shekara aka yi wani ruwa irin na garin, wanda ba ya zuwa sai ya zo da faɗa. Liman yana garin Abalessa, yana aiki a gidan wani mai lambun dabino. Ruwa ya shiga ɗakuna, mutane suka hau fitar da kaya, aka ɗauko akwatinsa, ya suɓuce ya faɗi ya fashe. Littattafai bakwai suka zube a tsakar gida, kowa yana gani.

Washegari, ranar Alhamis, dattijon gidan ya zo shagona. Tsohon magini ne, kowa Baba yake ce masa. Ya miƙo mini abu a naɗe cikin leda, yana riƙe da shi da yatsu biyu.

"Malam, duba mini wannan. Mene ne shi?"

Na buɗe. A bangon littafin an zana wata yarinya mai manyan idanu da shuɗin gashi, rigarta ba ta kai gwiwa ba, tana tsaye a kan wata ganuwa. Ciki akwai wasu hotuna kaɗan masu launi, sauran duk rubutu ne da Faransanci. A ƙasa an rubuta cewa fassara ce daga harshen Japan. Na sha ganin samarin garin suna kallon irin waɗannan zane-zane a waya, don haka na ɗauka na gama sanin komai.

Na ce, "Baba, ina ka samo wannan shirme?"

Ya ce, "A akwatin Liman. Har guda bakwai."

Sai da na cire gilashina. Liman? Mutumin da nake jin kunyar in yi dariya da ƙarfi a gabansa? Amma a ƙarƙashin mamakin akwai wani ɗan daɗi da nake jin kunyar ambatarsa yanzu, daɗin an kawo mini hukunci. Na rufe littafin na ce, "Na Japan ne. Yara ake yi wa su, da zauna-gari-banza. Hoton kuma ka gani da idonka, ba sai na ƙara komai ba." Wallahi ko layi ɗaya ban karanta ba. Baba ya girgiza kai ya tafi, ni kuma na ci gaba da auna sukari.

Liman ya dawo ranar Juma'a da safe. Da la'asar ya tashi zai shiga gaba, Baba ya riƙe hannunsa ya tura wani. Bayan salla aka ce kowa ya zauna, aka aika aka kira ni. Na tarar an ajiye littattafai uku a kan tabarma. Baba bai yi kwana-kwana ba. Ya ce sun shawarta: Liman ya sauka daga limanci, ya nemi wani gida, kuma za a sanar da mutanen garinsu abin da ya faru, don kada gobe su ji a bakin wani. Wanda ya san zaman ci-rani ya san abin da wannan ke nufi. Mutum ya bar gida da mutuncinsa kaɗai, shi ne kuma kawai yake da tabbacin komawa da shi.

Liman bai ɗaga murya ba. Ya ce wata likita ce a unguwar Tahaggart ta ba shi su, mace mai shekaru, lokacin da yake shimfiɗa mata karo. Ta gan shi yana kallon kantar littattafanta, ta tambaye shi ko yana karatu, ya ce ya yi lekkol har kolej kafin ya koma makarantar allo. Nan na ji kamar an watsa mini ruwa. Shekara tara yana zaune a shagona ina fassara wa mutane takardu, wani lokaci ina kame-kame, bai taɓa gyara mini ko kalma ɗaya ba.

Sai ya juyo gare ni. "Malam, an ce kai ka yi shaida. Ka karanta su?"

Na ce, "Na duba."

"Ban ce dubawa ba. Ka karanta?"

Na hau goge gilashina. Ya ɗauki na farko ya miƙo mini, ya ce, "To, karanta mana yanzu, ka mayar musu da Hausa. Duk inda ka tarar da abin kunya, ka tsaya, ni da kaina zan ɗauki kayana."

Na karɓa na buɗe. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne sauƙin rubutun. Jimloli gajeru, yawanci hira ce tsakanin mutane, ina karantawa ina fassarawa ba tare da na yi tuntuɓe ba. Labarin wani ma'aikacin buro ne da barci ya ɗauke a hanyarsa ta komawa gida, ya farka a wata duniya dabam. Ba wanda ya san shi, ba wanda ke jin harshensa, ba a kuma ba shi wani takobi ko sihiri ba. Aikin da ya samu shi ne ɗaukar dutse a ginin ganuwar wani birni, birnin da ba a barin irinsa su kwana a ciki. Ranarsa ta farko ya je sayen abinci da nuni da hannu, aka yi ta kai da kawowa, ya ƙare da igiyar akuya a hannu bai san yadda aka yi ba. Wani daga baya ya fashe da dariya, ya ce, "Wallahi ni ke nan ranar da na sauka garin nan!" Dariya ta kama mutane, har Baba ya kau da kai yana ɓoye baki.

Liman bai yi dariya ba. Ya ɗauki na uku, ya buɗe wani shafi da ya lanƙwasa kunnensa, ya ce in ci gaba daga nan.

A nan na gane ko wace ce yarinyar da ke bango. 'Yar mutumin ce, wadda ya baro a gida. Kowace shekara yakan zana fuskarta da gawayi a jikin dutse ɗaya, ya saka shi cikin ganuwa, don kada kamanninta su ɓace masa. Wata rana abokin aikinsa ya tambaye shi shekarunta, ya ce sha biyu, ba tare da ya yi tunani ba. Abokin ya ce ai haka ya faɗa masa tun ranar da suka haɗu. Sai mutumin ya tsaya ya ƙirga duwatsun da ya zana, ya tarar yarinyar ta haura talatin. Wadda yake zanawa babu ita a ko'ina, sai a kansa. Marubucin bai sa shi kuka ba, bai yi wa'azi ba. Ya ce kawai mutumin ya sunkuya zai ɗauki dutse na gaba, dutsen ya ƙi tashi.

A nan na tsaya. Na ɗago kai na dubi mutane. Ƙarti masu ɗaukar buhun siminti a kafaɗa, kowa ya sunkuyar da kai, wani ya ja rawani ya rufe fuska. Ba wanda ke wurin da bai baro wani ƙarami a gida ba. Ni kaina na tuna autata, wadda har ranar nake saya wa takalma da awon ƙafar da na sani.

Baba ne ya yi magana. Shekararsa goma sha huɗu a garin, 'yarsa ana goye da ita ya fito, bara aka yi mata aure bai je ba. Na sani, don ni nake karanta masa saƙonnin gida.

"Tsaya, Malam. Mutumin nan, ya koma gida?"

Liman ya ce, "Ban sani ba, Baba. Yana cikin na bakwai. Na ajiye shi ne sai ranar da zan hau mota in tafi, don ina tsoron abin da zan tarar a ciki." Ya dubi tabarma. "Ina sauran huɗun?"

Ban taɓa ganin fuskar dattijo ta canza haka ba. Sai Baba ya ce:

"Na ƙona su. Jiya, da na dawo daga wurin Malam. Waɗannan na bari don shaida."

Wani ya ce innalillahi. Ba wanda ya kalle ni, kuma hakan ya fi mini ciwo da a ce an zage ni. Magana zarar bunu ce. Tawa ban ɗauki minti ɗaya ina yin ta ba, ga ta ta zama toka a murhun shayi.

Muna nan zaune aka kira magariba. Aka yi alwala, aka tayar da iƙama. Baba ya je ya kama hannun Liman, hawaye na bin gemunsa.

"Don girman Allah ka shiga gaba. Mun zalunce ka."

Liman ya ce, "Na yafe muku duniya da lahira, Baba. Amma shekara tara kuna bayana, bangon littafi ɗaya ya isa ya tashe ku, ba wanda ya jira ya tambaye ni. Idan na tsaya a gaba yanzu, hankalina zai kasance a bayana, ba a sallata ba. Ka ja mu."

Ya koma sahun ƙarshe ya tsaya, kafaɗarsa na taɓa tawa. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba. Da aka sallame na riƙe hannunsa, na fara haɗa kalmomin ban haƙuri. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya yafe. Sannan ya ƙara da abu ɗaya, a hankali, yadda ba wanda zai ji sai ni.

"Su ba su iya karatu ba, Malam. Kai ka iya."

Kafin mako ya zagayo ya tattara kayansa ya koma Abalessa. An je biko har sau biyu, ya karɓe su da shayi da dabino, amma bai dawo ba, kuma ban ji ya sake jan kowa salla ba.

Bayan haka na nemi irin waɗannan littattafai na karanta da dama. Mutanen Japan ɗin da kansu labarai marasa nauyi suke ce musu. Ba zan rufe muku ba, akwai shirme a cikinsu, akwai waɗanda na rufe tun a shafi na goma, akwai masu bangon da sai na naɗe da takarda kafin in ajiye a shago. Amma na kirkinsu suna da wata hikima da ban koya a manyan littattafaina ba. An rubuta su yadda mutumin da ya wuni yana aiki zai iya karantawa da sauran ƙarfin da ya rage masa. Sukan fara da wasa, ka saki jiki kana dariya, sai ka ga sun taɓa wurin da ka shekara kana ɓoyewa. Yaro zai karanta ya ga baƙuwar duniya, babba ya karanta ya ga ransa.

Na koyi cewa rashin nauyin magana ba rashin zurfinta ba ne. Na kuma koyi abin da ya fi wannan ɗaci: jahili idan ya yi kuskure kansa kawai yake ɓatarwa, amma wanda aka yarda da saninsa, idan ya yi kasala, da mutuncin wani yake biya. Shi ya sa yau ko takardar magani aka kawo mini, sai na karanta ta daga farko har ƙarshe kafin in buɗe baki. Idan kuma ban karanta ba, nakan ce ban karanta ba. Kalmomi uku ne, kuma da na faɗe su ranar Alhamis ɗin nan, da mutum ashirin ba su rasa limaminsu ba.