Fasfon Janar

Thawin ɗan goggona ne, kwana tara ya ba ni a duniya, kuma a kan kwana taran nan yake tilasta mini in ce masa Yaya. Tun muna yara komai nasa ya fi nawa. In Goggo Bunma ta ɓare mana dunƙulen shinkafa mai danƙo, nasa kamar kan jariri, nawa kamar ƙwan ƙadangare. Aji huɗu muka bar makaranta rana ɗaya, amma shi aka ce ya tafi taya gida aiki, ni aka ce kaina ne ba ya ɗauka.

Sana'arsa kiwon zakarun dambe. A cikinsu akwai wani ja mai suna Janar, wanda ya ci karawa goma sha ɗaya, ko ashirin in Thawin ya ɗan sha giyar shinkafa. Zakaran nan kullum da safe sai an yi masa wanka da ruwan ɗumi mai ganye, a goge shi da tawul, a ba shi zuma da ayaba da gwaiduwar ƙwai. Ni da na yi zazzaɓi kwana biyar, ruwan shinkafa aka miƙo mini ta taga. In an tashi daga karawa kuwa, jini da majina sun toshe wa Janar maƙogwaro, Thawin yakan kafa bakinsa a bakin zakaran ya tsotse ya tofar. Haka masu zakara suke yi a yankinmu tun kakanni. Amma shi har da lumshe ido.

Shekarar da murar tsuntsaye ta fara kwashe kaji a lardinmu, hukuma ta ce duk zakaran dambe sai an yi masa fasfo kafin a fita da shi gari. Fasfo sosai, mai hoto da hatimin likitan dabbobi. Ni Prayat, da ko babban birni ban taɓa takawa ba, ni aka sa in riƙe Janar a ɗauke shi hoto.

"Matsa da fuskarka, Prayat, kada ka ɓata masa takarda," in ji Thawin.

"Yaya, ko gefen kunnena ne a bari ya fito."

"Kunnen nan naka ai sai an ƙara shafi."

Da hoton ya fito, babu abin da ya shiga nawa sai babban yatsa, a ƙirjin Janar. Thawin ya naɗe fasfon a leda, yana yawo da shi a aljihun gaba, yana nuna wa har sufayen wurin bautarmu da ke zagayen karɓar sadakar abinci da safe.

Bayan wata biyu ya kai Janar karawa wani ƙauye, suka dawo da nasara. Kwana uku sai na ga zankon zakaran ya yi baƙi-baƙi, ya takure a akurki, zuma ma ya ƙi kallo. Kaji biyu na Goggo suka faɗi matattu a ƙarƙashin gida, tsakanin dirkokin da ke ɗauke da shi, Thawin ya binne su a bayan ayaba. Rana ta huɗu shi ma ya fara tari, jikinsa kamar murhu. Lasifikar mai gari kuwa kullum tana faɗa: wanda kajinsa suka mutu ya sanar, wanda ya taɓa su ya ji zazzaɓi ya zo asibiti. Kowa ya san abin da ke biyo bayan sanarwa, buhu da rami.

"Yaya, ka je a duba ka."

"In na je za su zo su ɗauke shi. Lafiyarsa ƙalau, ga hatimi."

"Hatimin wata biyu? Ciwon nan irina ne, bai iya karatu ba."

"Ka buɗe baki ka gani, ɗan baƙin ciki. Tun ranar hoto kake jin haushinsa."

To, gaskiya ya faɗa. Na so in ce tsoron mutuwar Thawin ne kaɗai ya hau da ni keke zuwa gidan Inna Lamduan, wadda ke zagayen duba lafiyar unguwarmu. Amma ina taka feda ina hango Janar a cikin buhu, sai na ji ƙafata ta ƙara ƙarfi. Rabin hanya kuma na tuna yadda ƙirjin Thawin yake ƙara kamar tsohon injin ban ruwa, daga nan ban san wanne ke tura keken ba.

Kafin rana ta karkata motar asibiti ta iso, ga mutane cikin fararen kaya da takunkumi kamar masu zuwa duniyar wata. Thawin yana kan gadon ɗauka, numfashi da ƙyar, amma yana ɗaga fasfo.

"Yana da takarda! Ku duba, yana da takarda!"

Inna Lamduan ta ce, "Mun gani, ɗana. Kwanta."

Aka zuba kajin unguwa kaf a rami, har da 'yan tsakina guda uku da babu wanda ya tambayi sunansu. Ni ma aka tsare ni a gida kwana goma ana auna zafin jikina. Thawin ya yi kwana goma sha tara a asibiti. Likita ya gaya wa Goggo da an ƙara kwana ɗaya, da sai dai a kira sufaye su yi jana'iza. Ya dawo kamar sandar rake da aka tsotse, ya yi wata huɗu ba ya amsa gaisuwata.

Yanzu ku ji inda abin ya ƙare. Mutumin da ya ɓoye ciwo, shi aka ba riga mai tambari da lasifikar hannu. Shi ke bin ƙauyuka yana koya wa masu zakara su share maƙogwaro da gashin kaza da tsumma, su bar sa baki, su sanar da wuri. Ana tafa masa, ana ba shi abinci a faranti mai fure. In aka tambaye shi wa ya cece shi, sai ya ce, "Wani magulmaci ne a danginmu."

A bangon asibitin garinmu an kafa babban allo, Thawin yana murmushi, gefensa hoton fasfon Janar an faɗaɗa shi ya kai ƙofa. Duk wanda ya je karɓar magani, ya duba ƙirjin zakaran daga hagu, ƙasa kaɗan. Yatsan nan nawa ne. Na roƙi Inna Lamduan a rubuta sunana a ƙarƙashinsa, ta ce za ta tambayi Thawin.