Saƙon Ranar Talata

Duk Talata da hantsi wayata takan yi ƙara, saƙo ya shigo daga asibiti. Yakan kira sunan 'yata ta fari, ya ce ta sha maganinta, ta yawaita shan ruwa, kada ta manta ranar ganin likita. Yau wata bakwai da muka binne ta.

Da ciwon sikila aka haife ta. Shekarar da ta shiga jami'a a Bosso, asibitin da take zuwa ya daina rubuta kati da hannu, aka zuba sunan kowa a kwamfuta. Lokacin an toshe layinta, sai ta ba su lambata. In saƙon ya zo ina kan keken ɗinki, nakan jira ta dawo in karanta mata. Da layinta ya buɗe na ce ta je ta canza. Ta yi dariya ta ce, "Umma, bar shi a wurinki. Ai kin fi kwamfutar naci."

A Gwada ciwon ya tashi mata, ta je hutu gidan yayata. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Aka yi mata wanka, aka sallace ta, kafin la'asar an kai ta, kamar yadda muke yi wa kowa. Babu likitan da ya gan ta, babu kuma wanda ya tuna da wata takarda.

Bayan kwana arba'in na kasa jure saƙon. Na hau keken haya na je asibitin. Ma'aikaciyar jinya da ta daɗe da saninmu ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, ya haƙuri?" Na ce da godiya. Ta kai ni wurin mutumin da ke kula da rajista, na ce masa so nake a rubuta cewa ta rasu, a daina turo mata.

Ya buɗe shafinta. Na ga hotonta da farin hijabin da ni na ɗinka. Ya ce, "Hajiya, kwamfutar ba za ta karɓi rasuwa ba sai da takardar likitan da ya tabbatar." Na ce babu. Ya ce su shigarwa kawai suke yi, wani kamfani ne a wani gari ke riƙe da bayanan. Na tambaye shi su wane ne ke ganin sunanta da ciwonta a can. Ya ce wallahi bai sani ba.

Ya ɗan yi tunani ya ce akwai hanya ɗaya. In ya danna wurin da ke nuna mara lafiya ta daina zuwa da kanta, saƙon zai tsaya a ranar. Abin da suke yi wa masu guje wa magani ke nan.

Na dubi jerin ranakun zuwanta asibiti da ke ƙarƙashin hotonta. Ko ɗaya ba ta tsallake ba. Akwai ranar da ƙafafunta suka ƙi ɗaukar ta, ana ruwan sama, na goya ta har bakin titi tana ce mini in sauke ta mutane suna kallo. Wannan ranar ma tana cikin jerin.

Na ce masa, "Malam, kada ka danna. 'Yata ba ta daina zuwa ba."

Ma'aikaciyar jinyar ta raka ni ƙofa. Ta ce in ba ta wayar ta toshe mini lambar da ke turo saƙon, in huta. Na ce mata wata rana.

Har yanzu a wurinsu tana raye, kuma ba ta da laifi. Jiya Talata ce. Wayar ta yi ƙara ina tsakiyar ɗinkin wata riga. Na ɗage ƙafata daga keken, na karanta har ƙarshe, na yi mata addu'a, na ci gaba da ɗinkin.