Sunan da Na Rubuta a Hannun Yayata

Watan nan ne yayata Kulu ta cika shekara goma sha biyu a ƙasa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi mata sadakar gumba, in yi addu'a, in ja bakina in yi shiru kamar yadda aka koya mana. Bana ma na yi sadakar, na yi addu'ar, amma shirun ya ishe ni. An sha gaya mini cewa zafin rashi yana hucewa da daɗewa. Kuka kam ya tsaya. Fushin ne bai je ko'ina ba, kuma na gaji da ɓoye shi don kada a ce ban yarda da ƙaddara ba.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Kulu, a Gwandu aka haife mu. Ta girme ni da shekara tara. Ni aka sa makaranta har na zama malamar firamare, ita kuwa aka yi mata aure a Masama, ta kama fatauci. Takan sayo busasshen kifi a Kalgo da ƙauyukan Diggi ta kawo Gwandu, ta koma da shinkafa. Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma ba direban da ya isa ya ɗora mata kwando a inda rana za ta buga shi. Doguwa ce, muryarta a buɗe, kuma idan ta yi dariya sai ta dafa kafaɗar wanda ke kusa da ita ko ba ta san shi ba.

Abin ya faro ne daga wani haɗari da aka yi a hanyar Jega, tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato. Akori-kura ta kife da 'yan kasuwa, motar su Kulu ce ta fara iske su. A cikin waɗanda suka rasu akwai wata mata da ba wanda ya san ta. Kulu na cikin matan da suka yi mata wanka, mutanen ƙauyen da ke kusa suka binne ta. Da ta dawo ta kwana biyu ba ta da wata magana sai ta matar nan. Ta ce mini, "Saude, wagga mata tana da ɗiya, na ga alama a jikinta. Suna can suna jiran ta." Daga nan ta ƙudura sai an rubuta mata sunanta da na garinsu a hannu, kamar yadda ta ga wasu matan kasuwa sun yi. Na ce in rubuta mata a takarda ta riƙa ƙullewa a bakin zane. Ta ce takarda ruwa na cinye ta.

Jarfa ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Muna yara akwai wata tsohuwa a unguwarmu, Inna Tumba, da ke yi wa mata. Na sha kallon ta tana aiki. Kowace mace da sababbin allurai za ta zo, Inna ta tafasa su, ta wanke wurin da ruwan ɗumi da sabulun salo. Da yatsunta biyu na hagu take buɗe fatar, ba ta ba kowa ya ja mata, don ta ce mai sukar ne kaɗai ya san iyakar yadda fata ke so. Idan ta yi sako-sako allura ta yi ta yawo, idan aka ja ta fiye da kima allura ta nutse cikin nama. Baƙin fitila take sawa, kuma sai ta gama tsaf sannan ta shafa ɗan man kaɗanya mai tsabta, ta bar wurin ya sha iska. Ban taɓa jin wadda ta kwanta ciwo daga hannunta ba. Amma lokacin da Kulu ke neman mai yi mata, idon Inna Tumba ya riga ya tafi.

Sai aka kwatanta mata wani mutum a kasuwar Kalgo, mai sayar da magunguna a tabarma, wai ya iya. Ta biyo ta Gwandu ta ɗauke ni, tunda shi ma bai iya karatu ba, sai an zana masa ya bi. A bayan rumfar masu gishiri muka zauna. Na ciro biro daga jakata na rubuta mata KULU MASAMA a cikin damtsenta na hagu, da manyan baƙaƙe, irin yadda nake rubuta wa 'yan aji ɗaya a allo. Tana ta kallo tana murmushi. Ranar ce ta fara ganin sunanta a rubuce.

Abin da idona ya gani bayan nan, shi ne har yau ban yafe wa kaina ba. Allurai uku ne ɗaure da zare, ya zaro su daga wani gwangwani da ya yi tsatsa. Baƙin da ya kwaɓa na cikin fasasshen batir ne. Akwai kuma wani man shafawa ruwan ɗorawa a gwangwani marar suna, ƙasa da tokar kasuwa duk sun hau kansa, da yatsa yake lakato shi. Tun kafin ya fara suka ya lafta mata man, wai don jini kada ya rufe masa aiki. Man ya narkar da tawadar biron, rubutun ya fara gogewa, shi kuma ya dinga danna allura da ƙarfi don ya cim ma layin kafin ya ɓace. Hannunsa na hagu na riƙe da tsumman da yake goge jini, saboda haka ni ya ce in ja fatar.

"Malama, ja da kyau. Ƙara ja."

Na ja. Da yatsuna huɗu na buɗe fatar yayata har ta yi sheƙi, ina jin tsokarta na rawa a ƙarƙashin hannuna. Na ga tsatsar, na ga tsumman, kuma ni ce wadda ke koya wa yara wanke hannu a makaranta. Amma na ji nauyin in kunyata babban mutum a gaban jama'a, na ji nauyin in musa wa yayata. Da ya gama ya sake lafta man, ya naɗe hannun da leda, ya ɗiba mata a takarda ya ce ta shafa safe da yamma, kada ruwa ya taɓa wurin sai bayan kwana bakwai.

Kwana biyar bayan haka wata maƙwabciyarta ta aiko mini cewa Kulu na kwance. Na iske hannun ya kumbura har kafaɗa, yana ruwa, jikinta kamar garwashi, kuma ana nan ana ci gaba da shafa mata man nan a kan ƙa'ida. Mijinta Umaru ya tafi cin rani Kurmi, gidan yana hannun wansa, Malam Bawa. Na same shi a zaure na durƙusa na ce a ba ni ita in kai ta asibiti Birnin Kebbi.

Ya ce, "A kai ta a ce mi? A ce matar ƙanena ta buɗe hannunta wani ƙato ya riƙe a tsakiyar kasuwa? Ba da sunan gidanga ba."

Na ce, "Malam, rai ake magana."

Ya ce, "Ke da kika kai ta, ke ce za ki koya mini rai?"

Ya sa aka kawo rubutu da turare, aka ce wa masu zuwa dubiya iska ce ta buge ta a hanyar fadama. Tsofaffin gidan duk sun san gaskiya, ba wadda ta ɗaga kai. Kwana uku ina zarya tsakanin Gwandu da Masama, in roƙa, a ce in yi haƙuri. A rana ta uku na kawo mata kunu ta kasa buɗe baki. Haƙoranta sun datse, wuyanta ya sandare, ko ƙofa aka buga sai bayanta ya banƙare. Da safiyar washegari, Malam Bawa na gona, na tare wani direba da ya saba ɗaukar mata kaya. Ni da shi da maƙwabciyar nan muka ciccibe ta muka fita da ita ta ƙofar baya kamar masu sata.

Ma'aikatan asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu. Wata nas ta kwance hannun, ta dube shi, ta dube ni, ta tambaye ni kwana nawa. Da na faɗa mata sai ta girgiza kai. Daga baya likita ya yi mini bayani cewa datti ne ya shiga raunin, man da ledar suka rufe shi ya ruɓe daga ciki, kuma da an zo da wuri da akwai abin da za su iya. Kulu ta cika washegari da hantsi. Hankalinta na nan har ƙarshe, idonta na kaina, bakinta ne kawai ya ƙi buɗuwa. Ta bar 'ya'ya uku, babbar, Hadiza, tana da shekara goma sha ɗaya.

A zaman makoki na ji Malam Bawa yana karɓar gaisuwa yana cewa kwana ne ya ƙare. Ni ma na yi imani kowa da ranarsa. Amma ba Allah ne ya ce a ɓoye marar lafiya a ɗaki don kada maƙwabta su yi magana ba. Mutane ne suka zauna suka auna sunan gida da ran mace, suka ga sunan gida ya fi nauyi, sannan suka jingina abin ga Ubangiji. Mai tabarmar nan kuwa ba wanda ya ce masa uffan. Da na koma kasuwar neman sa aka ce ya ƙara gaba.

Nakan tambayi kaina me Kulu za ta ce da ta ga yau. An ba mu jiharmu, motoci sun yawaita a hanyar da ta sha wahala a kanta, rediyo kullum yana gargaɗi a kan aska da allurar da aka yi wa wani amfani da su. Za ta ji daɗin wannan. Amma da ta zaga bayan rumfuna za ta iske ire-iren mutumin nan suna nan da gwangwanayensu marasa suna, yanzu har da man canja launin fata, mata na tsugune a gabansu. Kuma da ta leƙa wasu gidajen za ta iske mace na nishi a ɗaka ana jiran izinin wanda ba ya gari. Na san ta, ba za ta rubuta wa jarida ba. Tabarmar za ta kifar.

Bara ƙaya ta soki Malam Bawa a ƙafa, wurin ya ɗan yi ruwa. Ranar aka yi shatar mota aka kai shi Birnin Kebbi. Daga gadon asibiti ya aiko a ce mini a yafi juna, duniya ba wurin zama ba ce. Na je na gaishe shi, don ya girme ni kuma uban 'ya'yan yayata ne a al'ada. Na jira ya ambaci sunanta ko sau ɗaya, bai yi ba. Na yi masa fatan sauƙi na taso. Kalmar da yake jira ban faɗa ba, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa na faɗe ta a zuci ba. Wataƙila wata rana Allah Ya sassauta mini.

Abin da ya rage na Kulu ba shi da yawa idan kaya ake nufi. Amma Hadiza ta girma, ta yi aure a Malisa, tsawon uwarta da muryarta duk ta kwaso. Da daminar da ta wuce fartanya ta sare matar maƙwabcinsu a gona, mijin ba ya nan, 'yan uwansa suka ce a ɗaure da tsumma a jira shi. Hadiza ba ta tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ta wanke ƙafar da ruwa da sabulu, ta tare ɗan kabu-kabu, ta ɗora matar, ta hau bayanta ta riƙe ta har asibiti. Matar tana nan da ranta, ta ma sake haihuwa. Da suka dawo dattawan gidan suka tare Hadiza a ƙofa, suka tambaye ta wa ya ba ta izinin fitar da matar mutane.

Ta ce, "Uwata."

Allah Ya jiƙan Kulu, Ya yafe mini nawa kason.