Ranar da Baba Ya Sake Riƙe Sitiyari

Mu tara ne a ajinmu. Sashen nazarin halayyar ɗan Adam na jami'armu ɗaki biyu ne a ƙarshen wani dogon gini, ɗaya ofishin malamai, ɗaya ajin da muke karɓa-karɓa da 'yan wani sashen. Babban littafin darasin guda ɗaya ne, kowa ya kwana biyu da shi ya miƙa wa na gaba. Ni likita na so zama, makina bai kai ba aka turo ni nan. In na zo hutu Suleja aka tambaye ni me nake karanta, sai in ce kimiyya, in ja bakina.

Wata malama ce ta sa na fara son karatun, 'yar Filato, gajeruwa mai furfura, ba ta ɗaga murya. Ita ta koya mana cewa yawancin tsoro koyonsa jiki yake yi, kuma ana iya kwance shi a hankali, mataki bayan mataki.

Ina aji uku malamai suka shiga yajin aiki, aka ce kowa ya tafi gida. A ƙofar gidanmu na tarar da bas ɗin Baba a ƙarƙashin mangwaro, ganye ya rufe gilashinta. Baba direba ne tun kafin a haife ni. Da gwamnati ta tare a Abuja, shi yake kwasar ma'aikatan da ke haya a Suleja da safe, ya dawo da su da yamma. Wata huɗu kafin zuwana taya ta fashe masa a wajen Gauraka, motar ta faɗa rami. Ba wanda ya rasu, wata ma'aikaciya ce kawai ta karye a hannu. An rubuto mini cewa kowa lafiya, motar ma an gyara. Abin da ba a rubuto ba shi ne Baba bai ƙara taɓa ta ba.

Inna ta ce sau ɗaya ya gwada, yana sa makulli zufa ta jiƙa masa riga, ya fito. Yanzu ko masallaci za shi, ta ƙofar baya yake bi don kada ya ga motar. Wasu suka ce jifa ne. Abokan aikinsa a tasha kuwa cewa suke yi, tunda ba a mutu ba, mene ne kuma?

Na rubuta wa malamata wasiƙa. Amsarta gajeruwa ce. Ta ce in tuna ni ɗaliba ce, in ya daina ci ko barci a kai shi asibiti. In ba haka ba, in nemi yardarsa tukuna, shi zai tsara matakan da bakinsa, kuma kada in yi gaggawa.

Neman yardar ce ta fi ba ni wuya. Ta yaya 'ya za ta dubi mahaifinta ta ce masa tsoro yake ji? Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa.

"Baba, akwai wani aikin makaranta da nake so ka taimaka mini."

Ya saurare ni har na gama kewaye-kewayena.

"Wato a kaina za ki yi gwajin."

"Eh, Baba."

Ya daɗe yana jan carbinsa. "To. Ni na kai ki makarantar. Bari in ga abin da aka koya miki."

Shi ya faɗi matakan ina rubutawa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Kallon motar daga zaure. Wanke ta. Zama a kujerar fasinja, sannan ta direba. Tayar da inji. Can ƙarshe, wucewa ta Gauraka da mutane a ciki. A makaranta an koya mana mutum ya auna tsoronsa daga ɗaya zuwa goma. Baba ya ce shi bai san wannan ba, giyar mota ya sani. Sai ya zamana in na tambaya, ya ce tsoron yana giya ta uku, ko ya sauko ta ɗaya. Jan numfashin da na koya masa kuma ya haɗa shi da tasbihi, kowace ƙwayar carbi numfashi guda. Ba ma barin mataki sai giyar ta sauko.

Sati biyu komai na tafiya daidai, har kaina ya fara girma. Ranar da ya zauna a kujerar direba lafiya, maimakon mu tsaya nan, sai na ce ya tayar da injin mu gani. Ya tayar. Daidai lokacin salansar wani ɗan acaɓa ta yi ƙara a bakin layi kamar fashewar taya. Baba ya fito, ko ƙofar bai rufe ba, ya shige gida. Kwana uku bai yi mini maganar motar ba, ni ma na kasa haɗa ido da shi.

Inna ce ta gyara ɓarnar. A rana ta huɗu ta ɗauki farantin wakenta, ta buɗe motar, ta zauna a kujerar baya tana tsinta. Baba ya leƙo ya tambaye ta me take yi.

"Malam, inuwar nan ta fi ta tsakar gida. In za ka zauna, ga wuri a gaba."

Ya zauna. Na ba shi haƙuri a nan, na ce laifina ne, na tsallake mataki. Ya ce, "Koyo kike yi. Mu koma baya kaɗan."

Daga nan ban ƙara yi masa gaggawa ba. Ƙarshen layi muka fara zuwa, sannan bakin kasuwa, sannan hanyar Izom da hantsi, lokacin da ba motoci sosai. Inna tana baya, ni ina gefensa da littafina. Wata rana a hanyar Izom na tambaye shi giya ta nawa, ya ce, "Ta motar ko tawa?" Ranar na fara jin dariyarsa tun dawowata.

Gauraka muka je wata Asabar da safe. Tun daga nesa na ga ya ƙanƙame sitiyari, leɓɓansa suna motsi. Da muka kai wurin ya sauka gefen titi ya kashe mota. Ya fita ya tsaya a bakin ramin, ciyawa ta riga ta rufe shi. Wata mai sayar da abinci ta gane shi, ta taso tana yi masa barka da arziki, ta ce ita ta kawo musu ruwa ranar hatsarin. Suka gaisa. Ya dawo ya zauna, ya ce, "Ta biyu. Tana sauka." Muka wuce har Dutsen Zuma, muka juyo, ya sake bi ta wurin bai tsaya ba.

Ran Litinin ya shiga tasha. Tsofaffin fasinjojinsa suka bar layin wata motar suka taho. Matar da ta karye, 'yar Binuwai ce, ta buɗe gaba ta zauna, ta ce da Hausarta, "Oga direba, mun gaji da jira. Mu tafi, kar mu yi latti." Na tsaya a tashar har motar ta ɓace.

Da aka janye yajin aiki, wannan na rubuta a matsayin binciken kammala digirina. Malamin da aka gayyato daga wata babbar jami'a don ya jarraba mu ya juya takardun, ya ce mutum ɗaya ai ba bincike ba ne, kuma mahaifina ne. Na ce gaskiya ne, ba zan ce abin da ya yi wa Baba zai yi wa kowa ba, shi ya sa na rubuta komai na kowace rana, har da kuskurena, don wani ya gwada ya gani. Ya yi ta tambaya a kan ranar salansar, na amsa. Da sakamako ya fito, nawa ne a sama.

Ranar bikin yaye mu, Baba ya ciko motar da 'yan layinmu ya tuƙo ta har jami'a. Malamata ta roƙe shi ya kwana, washegari ya yi wa 'yan aji biyu bayani. Ya ce shi bai yi boko ba. Ta ce ba komai, ya faɗa da Hausa, za ta fassara wa waɗanda ba sa ji. Minti goma ta ba shi. Ya gyara hularsa, ya tsaya a gaban allo, ya yi awa guda, ɗalibai suna ta rubutu.