Tsinken da Kakata Ta Bar Mani

Shekaranjiya ina sharar tsakar gida tsinke ɗaya ya zare daga tsintsiya. Na duƙa na ɗauka don in yar, sai na iske ina murza shi tsakanin yatsu biyu, a hankali, kamar mai tsoron kada wani abu ya tsinke. Hannu ba ya mantuwa. Ni ban shiga aji ba ko na yini ɗaya, amma da irin wanga tsinke aka koya mani jinya.

Ku 'yan yanzu ba ku san kurkunu ba, ku gode wa Allah. A ƙauyenmu, can gefen Sharabi, ruwan tabki muke sha, mu da shanu. Da damina ta sauka sai ka ga ƙafar mutum ta yi bororo, tana zafi kamar an ɗora garwashi. In ya fashe, sai kan wata tsutsa fara ya leƙo, siririya kamar zare. Ba a yanke ta, ba a fizge ta. Tsinke ake samu a naɗe kanta, kullum a ƙara naɗi kaɗan, har ta fito duka. In ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, wani lokaci ta sandare. Maƙwabcinmu haka ta same shi. Tun da na yi wayo da sanda na san shi, ƙafar dama a miƙe kamar taɓarya, yana zaune bakin zaure yana tufkar igiya lokacin da tsaransa ke gona.

Kakata, wadda ta haifi babanmu, ita ce mai naɗin kurkunu a unguwarmu. Inna muke ce mata. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya. Kayan aikinta ƙoƙon man kaɗanya, tsumma mai tsabta, ruwan sanyi a kasko, sai tsinke. Har yau in na ji warin man kaɗanya, ƙafafun mutane nake gani a jere bisa tabarma. Da idonta ya fara rauni sai ta jawo ni kusa, don ni ce mai ido a gidan. Ita ta riƙe ƙafa, ni in murza.

"Gaɓar yatsa ɗaya," in ji ta. "In ya biyo, ki gode. In ya tirje, ki bar shi. Gobe ma rana ce."

A wata damina abin ya faɗo kan babanmu, a idon sawun hagu, daidai lokacin noman farko. Gero ya yi tsawon taƙi, ciyawa na neman shan kansa. Shi kaɗai ne namiji mai ƙarfi a gidan, rumbunmu a ƙafarsa yake. Kullum da hantsi yana kwance ƙarƙashin rumfa, yana jin waƙar masu noma daga nesa, yana juya fuska wajen danga.

Kwana kamar goma da fara naɗi aka aiko cewa ƙanwar Inna ta rasu a ƙetaren iyaka, wajen danginta Dandawa, ƙasar da muke kira Dahome a lokacin. Dole ta tafi. Ta ɗaure ƙunshinta, ta tsaya bakin ƙofa, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ƙafar ubanki na hannunki. Ko wa ya ce ki ja, kada ki ja. Kin ji na ce ko wa."

Ban gane ba sai washegari. Na jiƙa ƙafar, na shafa mai, na murza tsinke. Ya biyo gaɓa ɗaya, ya tsaya. Zan ɗaure tsumma sai Baba ya yi magana. Sunan Inna aka sa mani, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa.

"Uwata, ƙara kaɗan mana. Ina jin shi, ya saki."

Na ce Inna ta ce gaɓa ɗaya.

"Innar tana nan? Ke dai ja. Ciyawa ta cinye gona, mi za ku ci da rani?"

Na ci gaba da ɗauri. Sai ya yunƙura ya miƙo hannu zai kama tsinken da kansa. Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunsa da hannuwana biyu ba. Ku sani, a zamaninmu ɗiya ba ta duban idon ubanta, balle ta riƙe shi. Mahaifiyata na daka a bayan ɗaki, na ji taɓarya ta tsaya cak. Hawaye na zuba, amma ban saki ba. Na ce, "Baba, sai dai ka buge ni."

Ya dube ni. Sannan ya zare hannunsa, ya koma ya kwanta, ya juya mani baya.

Kwana ukku bai ce mani uffan ba. In na gaishe shi, sai ya amsa da hanci. Abincin da na kai masa sai ƙanwata ta sake miƙa masa kafin ya ci. Wannan ya fi mani duka ciwo, don ni ce 'yar gaban goshinsa. Amma ga abin da na lura: kowace safiya, da ya ji motsin kaskona, sai ya miƙo ƙafar daga cikin mayafi, fuska na can wajen danga. A rana ta biyu tsutsar ta tirje, ko rabin gaɓa ba ta bayar ba. Na ɗaure na tashi. Ya yi tsaki, bai taɓa tsinken ba.

Bayan kwana ukkun Inna ta dawo da la'asar, ƙafafunta duk laka. Ko ruwa ba ta sha ba ta wuce rumfa, ta kwance tsumma, ta bi naɗin da yatsa tana lalube. Ta shinshina mikin. Ta dubi ɗanta, ta dube ni. Na san mahaifiyata ta riga ta tsegunta mata tun a ƙofa. Ina jiran yabo, in faɗi gaskiya. Abin da ta ce kawai shi ne, "Gobe ma ke za ki yi."

Sai da ya kusa wata guda kafin wutsiyar ta fito. Muka shimfiɗa tsutsar bisa tabarma, ta fi hannuna tsawo, ba inda ta gutsure. Gonarmu ta nesa ta tafi a shekarar, ciyawa ta ci. 'Yan unguwa suka yi gayya suka ceto ta kusa. Da rani mun sha kunu a lokutan da ya kamata mu ci tuwo, ba zan ɓoye ba. Amma Baba da ƙafa biyu ya yi noma har furfura ta rufe kansa. Kuma da tsufa ya kwantar da shi, ba ya karɓar magani a hannun kowa. Sai ya ce, "Ku kira mani Uwata, ita ce ba ta jin magiya."

Yanzu akwai burtsatse a ƙauyen, kurkunu ya ɓace. Jikata, ɗiyar ɗana, nas ce a Bagudo, tana sa fararen kaya, ta ce a hoton littafi kawai ta taɓa ganinsa. Ina jin mutane na cewa nas-nas ba su da tausayi. Akwai marasa hali a cikinsu, kamar ko'ina, kuma in na gani ba na shiru. Amma ba kowane "a'a" ne rashin tausayi ba.

Ranar da na tsinci tsinken nan jikar tawa ta dawo daga aiki idonta ja. Sai da na matsa ta faɗa. Wani dattijo aka sa wa ƙarin ruwa, zuciyarsa ba ta da ƙarfi, likita ya ce ruwan ya riƙa ɗiga a hankali. Shi kuwa an yi ruwan shuka, yana son ya koma gida. Ya ce ta buɗe robar ya ƙare da wuri. Ta ƙi. Ya kira ta marar tarbiyya a gaban mutane, ya ce ya yi jika da ita.

Na ce, "Kin buɗe?"

Ta ce, "A'a, Kaka."

"Da kika koma duba shi, ya miƙo hannun?"

Ta ce ya miƙo, amma fuskarsa na wajen bango.

Na tura mata kwanon tuwo. Tana kallona, na san abin da take jira, don ni ma na taɓa jiransa. Na ce, "Ci abincinki. Gobe ma ke za ki yi."