Ranar da moton yayana ya daina kuka

Moton yayana, wato babur ɗinsa, ba shi da sarƙa. Wani baƙon injiniya ne ya sayar masa lokacin da yake aiki a kamfanin siminti na Malbaza, moto ne ƙato, baƙi, mai nauyin tsiya. Maimakon sarƙa, wata sandar ƙarfe ce cikin bututu take juya tayar baya. In yana tafe, akwai wani siririn kuka da yake yi daga baya, kamar iska ta shiga bakin tulu. Tun yana kan kwalta ake jinsa a ƙauyenmu, kusa da Tajaye.

Da aikin kamfani ya ƙare, yaya ya bi 'yan biɗa, masu fita neman kuɗi, suka yi arewa, ƙetaren hamada. Ya miƙo mini makulli ya ce in riƙa hawa don kada injin ya kwanta. Ya yi ta kiranmu a waya har damina ta wuce, daga nan ɗif. Ba gawa, ba labari. Matarsa ta jira har ta gaji, iyayenta suka zo suka tafi da ita.

Inna kuwa ba ta taɓa tambayar ko an ji ɗuriyarsa ba. Ɗan fari ne, kunya ba ta barinta ta ambace shi. Idanunta sun riga sun dushe, amma kunnenta ras. Kowace la'asar in na taso daga lakwal, makarantar da nake koyarwa a Illela, tana zaune bakin zaure tana tsintar wake. Tun daga nesa ina ganin yadda hannunta yake tsayawa, ta ɗaga kai, fuskarta ta washe. Sai na yi sallama ta ce, "Kai ne." In ce, "Ni ne, Inna." Wallahi har haushi nake ji. Ni ma ai ɗanta ne, ba tsinto ni aka yi ba.

Kawu, ƙanen Inna, ya zo ya lallaɓa ta a yi wa yaya sadaka, a bar wa Allah. Ta ce, "Ba a yi ma mai rai sadaka. Ku ba ku jin moto nai kullum?" Kawu ya ɗauki takalmansa. Daga ranar na gane kukan nan ne yake riƙe da ita.

Sai moton ya fara shan baƙin mai. In cika shi, bayan 'yan kwanaki in duba, ya yi ƙasa. Ba hayaƙi a salansa, ba jiƙa a jikin inji. Na share ƙasa na barbaɗa toka a ƙarƙashinsa, da safe toka fes, ko ɗigo babu. Maƙwabciyarmu, wadda bakinta ba ya kwana, ta ce abin da mai shi bai huta ba, shi ma ba ya hutawa. Na wanke ta tas, har da abin da ba a tambaye ni ba. Amma in faɗi gaskiya, ni kaina na fara jin tsoron ɗakin da nake ajiye shi. In na buɗe ƙofa, sai in ji kamar wani ya sauka daga kan sirdin yanzun nan. Kukan kuma ya ƙara tsawo, har ina jinsa a haƙorana.

Na kai shi Ƙonni wurin wani makanike da ya koyi aiki a Sakkwato. Ya zagaya shi, bai ko taɓa inji ba, ya tsuguna wajen tayar baya inda akwai wani kwanon ƙarfe mai haƙora a ciki. Yana kwance noti, mai ya ɓalle, baƙi, tsararo, yana walƙiya da garin ƙarfe.

"Ga mai naka, Malam," ya ce. "Ba wanda ya sha shi."

Ya nuna mini yadda abin yake. Inda sandar ƙarfen ta fito daga inji akwai zoben roba da yake tare mai. Zoben ya tsufa ya tsage, mai yana bi ta cikin bututu yana gangarowa kwanon baya. Can kuwa mai kauri ake zubawa, na inji ya shiga ya tsinka shi, boris ɗin da tayar take juyawa a kansa ya yi ta cin kansa.

"Yaushe ya fara wanga kuka?"

Na ce haka muka san shi.

"To tun can ciwo ne. Wata rana tayar ga za ta cije kana bisa kwalta."

Na tuna motocin siminti da nake gogayya da su a hanya, na ce a gyara. Sai da aka aika ƙetaren iyaka aka samo zoben da boris, ni kuma ina ta bin kabu-kabu ina masifa. Ranar da na je ɗauka, ya wanke kwanon, ya zuba mai kauri kamar zuma, ya ɗaure.

A hanyar gida moton ya yi ta sulalewa, ba ka jin komai sai inji da iska. Na ji daɗi, har waƙa na yi.

Na shigo ƙauye, na tsaya a bakin zaure. Inna tana tsintar wakenta, ba ta ɗaga kai ba. Da na kashe inji ta ce, "Wane baƙo ne?" Na ce ni ne, gyara aka yi. Na shiga yi mata bayanin zobe da mai, ina ta zuba kamar a aji. Ta saurara har na gama, ta tattara wakenta ta shige ɗaki.

Washegari ba ta fito zaure ba. Kwanakin da suka biyo ma haka. Fura kaɗan take kurɓa ta ture.

Tsoro ya kama ni sosai. Ranar da babu lakwal na samo sifana, na tsiyaye mai kaurin nan a kwano, na ɗura na inji a madadinsa. Na ɗora moton kan ƙafarsa a tsakar gida, na tayar, na sa tayar baya tana juyawa a iska. Na ƙara wuta, na rage, na sake ƙarawa. Zufa ta jiƙe mini riga. Boris sabo ne, ya ƙi yin kuka.

Ban ji fitowarta ba. Ta biyo bango da lalube har ta iso, ta ɗora tafin hannunta a kan tankin, ta daɗe tana saurare.

"Kashe shi, ɗan nan," ta ce.

Na kashe.

"Tai ka kirawo kawunka da liman. A jiƙa geron sadaka."