Batirin da Na Cire Ranar Kasuwar Bahindi

Shinkafar da za ta cika buhu talatin da biyu ce, an yanke ta, tana kwance a fadama tana jiran bugu. Noman shekara guda ke nan na wani mai gyaran rediyo da nake kira Yaya, ko da yake ba mu haɗa uwa ko uba ba. Ni kuwa abin da aka ɗora mini bai taka kara ya karya ba: in murɗa maɓalli bayan kowace salla.

A Bagudo idan wuta ta ɗauke takan yi kwanaki, in ta daɗe kuma sabis ɗin waya ya bi ta. Shi ya sa Yaya ya haɗa na'urorin magana guda uku da kayan matattun rediyo. Tawa a gwangwanin biskit take, batirin babur ke tada ta, eriyarta kuwa doguwar waya ce daga rufin shagona na hatsi zuwa darbejiya. Ɗaya tana hannun wani masunci wajen Illo, can saman kogi, ɗaya a ƙauyen Yaya can gangaren kogi. Ba su da ƙarfi. Muryar masuncin ba ta isa ga Yaya sai ta biyo ta kaina, ni in isar masa da saƙon. Minti biyar muke kunnawa bayan salla, don kada batir ya ƙare.

"Alhaji, ba ta ciniki ba ce fa," in ji Yaya ranar da ya kawo ta. "Na san ka, yanzu ka fara tambayar mutanen Benin kuɗin manja."

"Ko gaisuwa ba zan yi ba, Yaya?"

"Gaisuwarka ma ciniki ce."

Ranar da abin ya faru kwananmu shida babu wuta. Na ji an sauke masara da araha a Bahindi, babur ɗina kuma batirinsa ya mutu, ya ƙi tashi. Na dubi gwangwanin, na dubi rana. Na ce kafin azahar na dawo. Na cire batirin na sa a babur.

Ciniki ya yi daɗi. A can na yi azahar, a can na yi la'asar, magariba ta riske ni a hanya, ban iso gida ba sai bayan isha'i. Duk waɗannan lokutan masuncin yana ta kira, yana faɗin ruwa na tasowa da ƙarfi, a gaya wa mutanen gangare su kwashe abin da ke fadama. Yaya kuma yana zaune gaban tasa na'urar, ba ya jin komai sai shuuu. Kafin gari ya waye ruwa ya hau. Buhu tara Yaya ya tsira da su.

Da ya zo, na riga na mayar da batirin. Na ce masa na kunna, ita ce ta ƙi.

Wannan ƙaryar ta fi cire batirin ci mini rai. Kwana uku ya yi a bakin shagona da tabarau a kan hanci, yana warware aikin hannunsa, yana neman laifin da babu. A rana ta uku ya ce, "Alhaji, ina ga tsufa ya kama ni. Na sa mutane sun dogara da gwangwani."

Sai na faɗa masa gaskiya. Bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da ɗaure kusoshin murfin har ya gama.

"Na ga shaidar sipana a kan batirin tun ranar farko," ya ce. "Na fi son ya zama ni ne na yi kuskure."

Na kai masa hatsi daga baya, ya karɓa, domin yana da iyali. Amma na'urar ya ɗauke ta ya kai wa telan da ke maƙwabtaka da ni, ya ce shi telan ba shi da babur.

Na samu masara buhu goma sha biyu da araha. Yaya ya rasa shinkafa ashirin da uku. Har yau muna gaisawa, yana tsokanata kamar da. Sai dai bayan kowace salla ina jin tela yana murɗa maɓalli ta bayan bango, ni kuma ba a ƙara ba ni saƙon kowa ba.